Kwana Huɗu

Na ɗinka jakar tun ba a kira sunaye ba,
jar fatar akuya, da koren zane a baki.
Na ce wa Gambo, bari ta tarar da ita a rataye.
Baduku ne ni, gaggawa ba ta cikin sana'ata,
amma a wannan na yi azarɓaɓi.

Lakol ɗin nan ta hanyar Tanut,
kujera arba'in, yara ɗari biyu da ɗoriya.
Muka bar Birni da sassafe a kabu-kabu,
Falmata a tsakiya, ta damƙe rigata,
takardar haihuwarta cikin leda a aljihuna:
ashirin da tara ga Disamba.

A layi na ga sa'anninta.
Sa'anni, in ji takarda.
Wani yaro haƙoran gaba sun zube, har sabbi sun leƙo,
yana karanta allon ƙofa da ƙarfi,
uwarsa na gyara mayafi don a san nata ne.
Na tambaya. Ɗan Janairu.
Da wata goma sha ɗaya ya riga ta shan iska,
wata goma sha ɗaya na tuwo, na faɗuwa da tashi.
Ga mai furfura wannan ba kome ba ne.
Ga ɗan shekara shida, gari guda ne.

Madam ta ce, zana da'ira. Ta zana.
Ta ce, ƙirga tsakuwa. Ta kai sha uku,
sai ƙadangare ya gilma ta taga,
ta bi shi da ido, lissafi ya bi shi.
Rubuta sunanki.
Harafin farko ya fito yana kallon baya.
Minti bakwai. An gama awo.

A zamaninmu hannu ake ɗorawa bisa kai,
in ya taɓo kunne, ka isa.
Mun yi wa abin dariya da muka girma.
To, wanda hannunsa bai kai ba
ce masa ake ya dawo baɗi,
ba a ce masa ya faɗi.

Kakana a Mirya bai taɓa auna geron ruwan fari
da na shukar baya a rana ɗaya ba,
balle ya kira ƙaramin rago.

Ran Alhamis aka manna sunaye.
Na bar kayana a kasuwar Dole na je.
Sau uku na bi takardar da yatsa,
na uku daga ƙasa zuwa sama.

Ga kuma Kiyari, ɗan maƙwabcina Malam Ari.
Ungozoma ɗaya ta yanke musu cibiya,
ba mu gama cin naman sunanta ba aka yanka nasa rago.
Kwana huɗu ta ba shi.
Shi ya faɗo bayan an canja kalanda,
baɗi shi ne dogon cikin layi,
za a ce kaifin kai, za a ce ya gado.

Wani ya ja ni gefe, ya ce ya san mutum,
jikka biyar, takarda ta koma Janairu.
Na kwana ina juya maganar.
Amma ina tune da daren:
an ɗauke wuta, sanyi har cikin ƙashi,
ina tsaye da tocila a bakin zaure
na ji kukanta ya tsaga duhu.
Wannan daren ne za a goge da biro?

Da yamma na iske ta a tsakar gida,
ta sauko da jakar, ta cika ta da tsakuwa,
tana fitarwa ɗaya-ɗaya, tana jerawa gindin randa.
Ashirin da biyu ta kai.
Ba madam, ba mai rubutawa,
sai kaza da ni.

Maratayin ya yi mata tsawo, jakar na jan ƙasa.
Na ɗauko basilla na ƙara huda ɗaya.
Sauran fatar ban yanke ba.
A sana'armu ba a yanke wa yaro maɗauri daidai da yau.